Azumin Kurege Ranar Ciyayya

Tatsuniya kuma? Kai Habila, ba ka da kunya. An ce ka ɗaure awaki ka ce ƙafa na ciwo, an ce ka share tsakar gida ka ce ido na ƙaiƙayi, amma bakin roƙon tatsuniya lafiyarsa ƙalau. Ke kuma Rifkatu, sauke ƙafarki daga kan zanina. Ni ba rediyo ba ce da za a murɗa in kama zuba. Guda ɗaya zan yi, kuma duk wanda ya katse ni, a nan ta ƙare.

To, ga ta nan, ga ta nanku.

Ban ji ba. Da tuwo aka ajiye da an ji muryarku har bakin rafi. Ku sake.

Yauwa. Ta zo ɗin, sai ku ji ta da kunne biyu.

Kurege ne dai. A wancan zamani dabbobin Unguwar Ɗorawa suna da cocinsu, ginin laka, rufin ciyawa, ƙararrawarsu tsohuwar garma ce rataye a reshen mangwaro. Fastonsu Baba Kunkuru, wanda in ya ce "a ƙarshe, 'yan'uwa," mata sun san da sauran lokacin da wake zai nuna.

Cocin nan yana da rumbu mai ƙofar ƙarfe. Kowace kaka, kowa ya kawo baikonsa, mai dawa da dawa, mai acca da acca, mai gyaɗa da gyaɗa, a zuba a kulle. In damina ta yi tsakiya, hatsi ya ƙare a gidaje, sai a buɗe a raba wa gwauraye da marayu. Mabuɗin yana wuyan Baba Jaki shekara ashirin, ko ƙwaya ba ta taɓa yin ƙafa ba. Sai tsufa ya kama shi, ya ce a nemi wani.

Ranar Lahadi Baba Fasto ya yi sanarwa. Ya ce, "Ranar godiyar kaka, bayan ciyayya, dattawa za su rataya wa wani mabuɗin rumbu. Ba za mu tambayi kowa komai ba. Kwanonsa za mu duba. Wanda ya iya da cikinsa a gaban tukunya talatin, zai iya da shi a gaban rumbu ɗaya."

Kun dai san ciyayya. Kowace mace ta dafo nata a gida, a jera a inuwar mangwaro, a yi addu'a, kowa ya ɗiba. Nama ne kawai ba a kawowa a tasu, don duk wanda za a yanka yana da ɗan'uwa a cikin mawaƙa.

Kurege kuwa kowa ya san shi. Ciyayyar bara a baro aka kai shi gida. Da ya ji sanarwar sai ya koma raminsa ya kwanta rigingine yana tunani. Ya tuna rumbu, ya tuna buhunan gyaɗa, ya tuna ƙofar ƙarfe da mabuɗi a wuyansa, ba mai ganinsa sai gizo-gizon rufi. Ya haɗiye miyau. Ya tuna ciyayya kuma, ya sake haɗiye miyau. Yana son mabuɗi, yana son ciyayya. Mai hankali zai zaɓi ɗaya. Kurege ya ce duka.

Ranar Laraba ya wanke fuska ya nufi gidan Agwagwa, wadda dafa-dukarta sai ka tsoma hannu har wuyan hannu kafin ka wuce manja.

"Salama, Mama Agwagwa."

"Salama dai, ɗan'uwa Kurege. Lafiya da rana tsaka?"

"Lafiya ƙalau. Magana ce ta tsaya min a maƙogwaro. Mama, ni duk cocin nan girkin mace ɗaya nake iya ci. Na sauran haɗiya kawai nake, saboda zumunci."

Agwagwa ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Wace ce?"

"Mama, kada ki sa in faɗa a gaban mai shi."

"Kai dai ka cika surutu," in ji ta, baki har kunne.

"To ga damuwata. In na zauna a gaban tukunyarki ranar Lahadi, sauran mata za su ji zafi, zumunta ta ɓaci. Ki zuba min nawa daban, ki tura ƙarƙashin karyayyen bencin nan na bayan coci. Daga ni sai ke sai Ubangiji."

Agwagwa ta ce, "An gama."

Ya fita ya nufi gidan Akuya, mai waina da miyar taushe. Salama, salama dai. Magana ta tsaya min a maƙogwaro. Girkin mace ɗaya nake iya ci. Kada ki sa in faɗa a gaban mai shi. Akuya ta ce za ta ajiye masa a bayan rumbu. Daga ni sai ke sai Ubangiji.

Ya fita ya nufi gidan Bushiya, mai funkaso da kunun gyaɗa, wadda ba ta auna sukari, juyewa take. Salama, salama dai, da sauran karatun duka, bai canza ko kalma ba. Bushiya ba ta da yawan magana. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Gindin gwanda."

Gida ɗaya ne bai je ba, gidan Mama Zabuwa, shugabar zumuntar mata. Ita abin da take kawowa ciyayya kwaɗon zogale ne, da rama, da paten acca wanda ganyensa ya fi accar yawa, man cikinsa ɗigo biyu. Kuma idonta ba ya barci.

Daga ranar Juma'a Kurege ya daina cin abinci. Wai yana share wuri. Ranar Asabar Mama Zabuwa ta gamu da shi a bakin rijiya yana tafiya iska na kaɗa shi.

"Kai Kurege, me ya same ka?"

"Azumi nake, Mama."

"Azumin me?"

"Neman nufin Ubangiji a kan maganar rumbu."

Zabuwa ta karkata kai ta dube shi da ido ɗaya, ta juya ta dube shi da ɗayan. Ta ce, "Mai zuwa ciyayya ya ci ɗan abu a gida kafin ya fito. Ko gyaɗa ce cikin tafin hannu. Yunwa makauniya ce, in ka ja ta har gaban tukunya ba ta ganin inda ƙoshi ya tsaya."

"Mama, ni abin duniya ya fita daga raina."

"To, Allah ya sa ya san hanyar da ya bi," in ji ta, ta ɗauki tulunta.

Lahadi ta zo. Kurege ya aro babbar riga wurin Rago, mai faɗi, wadda za a ɓoye buhu a cikinta. Ya zauna a bencin gaba. Baba Fasto ya hau wa'azi. Ƙamshin tukwane na shigowa ta taga, cikin Kurege na kuka, shi kuma yana tari don ya rufe kukan. Duk inda Fasto ya tsaya shan numfashi, sai Kurege ya ce "Amin" da ƙarfi, ko Allah zai sa a ɗauka an gama. Dattawa suka ce, yaron nan ya samu sabon rai.

Da ƙyar aka fito. Aka jera tukwane, aka yi addu'a, aka buɗe. Kowa ya yi layi da kwanonsa. Kurege ya zaɓi ƙaramin kwano, irin na miyar yara. Ya wuce shinkafa bai kalle ta ba. Ya wuce waina ya kau da kai. Ya tsaya gaban Mama Zabuwa.

"Ludayi ɗaya na zogale, Mama. Da ɗan pate. Ya isa, ya isa, kada ki cika."

Ya je ya zauna daidai inda dattawa za su gan shi. Ya ci a hankali, yana taunawa kamar mai ciwon haƙori. Ya sha ruwa. Dattawa suna ta gyaɗa kai, Baba Jaki har da share ƙwalla.

Ku ji abin mamaki. Da ya gama ɗan zogalen nan da paten nan ya kora da ruwa, sai cikin ya lafa. Jiri ya tafi, ido ya washe. Cikin ya ce masa, na gode, ƙara min rabin wannan mu rabu lafiya. Da ya tsaya a nan, da yanzu wata tatsuniyar nake muku. Amma ciki ne ya ƙoshi, ido bai ƙoshi ba.

Ya miƙe ya ce, "Bari in ɗan kewaya."

Ƙarƙashin karyayyen benci, ga kwanon Agwagwa, an tula dafa-duka har murfi ya ƙi zama. Kurege ya naɗe hannun riga. Loma, loma, loma, ba tauna, ba numfashi. Ya share ya lashe.

Bayan rumbu, ga kwanon Akuya. Waina ashirin, miyar taushe na iyo da man gyaɗa. Ya ci goma da daɗi. Ya ci biyar da ƙarfin hali. A ta sha shida ya sassauta igiyar wando, ya ce a ransa, sauran dai a bar su.

Sai ya tuna. A garin nan, kwanon da mace ta zuba wa mutum da sunansa ba ya komawa da saura. In Akuya ta tarar da waina huɗu kwance a kwanonta, har cikin coci za ta bi shi, a gaban dattawa, ta tambayi laifin wainarta. Ya dubi waina, waina ta dube shi. Ya tura su.

Gindin gwanda, ga funkaso shida da ƙwarya guda ta kunun gyaɗa, mai kauri, cokali na tsayawa a ciki. Kurege ya zauna ya yi tagumi. Bushiya ba ta faɗa, kuka take yi, kuma kukanta ya fi faɗan Akuya tara jama'a. Ya ci funkaso yana hawaye. Ya ɗaga ƙwarya, ya sha, ya huta, ya sha, ya huta, har ya ga gindinta.

Sai aka buga garma. A koma coci.

Ya taso da kama bishiya. Ya taho ƙafa a warware, babbar riga ta rufa masa asiri. Ya zauna a bakin benci, don zama sosai ya gagara.

Baba Fasto ya miƙe. "Dattawa sun duba kwano, sun ga kwano. Ɗan'uwa Kurege, fito."

Aka rataya masa mabuɗi a wuya, da igiyarsa ta fata. Ya ji sanyin ƙarfen a ƙirjinsa, ya ce a ransa, wahala ta biya. Ya juya zai koma ya zauna.

"Ina za ka?" in ji Baba Jaki. "Saura dami."

"Wane dami, Baba?"

To, abin da Kurege bai sani ba ke nan, don rabon da a yi shi shekara ashirin, lokacin ko haihuwarsa ba a yi ba. Sabon mai riƙon rumbu shi ke ɗaukar damin dawa na farko a ka, tun daga bakin ƙofa har gaban bagadi, da rawa, mata na kaɗa tulu. Kuma sau uku zai durƙusa a hanya, goshi ya kusa taɓa ƙasa, dami na kai.

Aka kai shi bakin ƙofa, aka ɗora masa dami. Matan zumunta suka ɗauki tuluna da kacau-kacau, suka saki kiɗa mai zafi, irin na murna.

Taku ɗaya, kunu ya ce ƙulum. Taku biyu, kunu ya ce ƙulum ƙulum. Wata tsohuwa ta ce, "Wace ce tulunta bai bi kiɗa ba?"

Durƙuso na farko, waina ta hau har maƙogwaro ta leƙo, ya mai da ita. Durƙuso na biyu, igiyar wando ta tsinke, ya tare da gwiwar hannu. Ya ɗago ya hangi bagadi, ya hangi inda zai yi na uku, daidai ƙafar Baba Fasto. Ya san in ya sunkuya a nan, duk abin da mata uku suka dafa zai fito ya ba da shaida.

Sai dabara ta zo masa. Ya saki dami, ya sulale ƙasa a hankali, ta gefe, ya rufe ido.

Kiɗa ya tsaya. Aka yo kansa, ana yi masa fifita.

"Azumi ne," in ji Kurege da ƙaramar murya. "Kwana biyu ban sa komai a baki ba, sai ɗan zogalen nan."

Coci ya ɗauki salati irin nasu, wayyo bawan Allah, wayyo bawan Allah. Baba Fasto ya ce, "Kun gani? Muna ta cika ciki, ɗan'uwanmu na mutuwa da yunwa a tsakiyarmu. Mata, a kawo masa abinci."

Kurege ya buɗe ido ɗaya. "A'a Baba, addu'a ma ta isa."

"Addu'a da kunu ba sa faɗa, ɗana. A kawo da yawa."

Kafin ka ce me, ga Agwagwa da ragowar tukunyarta, ga Akuya da faranti, ga Bushiya da ƙwarya. Suka durƙusa suka sa shi a tsakiya. Ƙamshin manja ya bugi hancinsa, ya ji duniya na juyawa.

"Ku matsa," in ji Agwagwa. "Ba don in ɓata wa kowa ba, amma ba ya iya cin girkin kowa sai nawa."

Akuya ta ajiye faranti. "Naki? Yaya Agwagwa, tsufa ne ko zafin rana? Wainata ashirin ya share ɗazun nan a bayan rumbu. Na je na ga kwanon, kamar an wanke."

"Ashirin? A kan dafa-dukata?"

Bushiya ta ɗago kai a hankali. "To ni kununa wa ya sha?"

Kurege ya rufe idon da ya buɗe.

Mama Zabuwa ta ratso jama'a, ba gaggawa. Ta sa ƙafa ta ɗage babbar riga. Ga ciki ya tashi, yana sheƙi, cibiya ta fito waje. Ta ɗauki ludayi ta ɗan ƙwanƙwasa. Ya ce dum.

"Baba Fasto," in ji ta, "mawaƙa sun daɗe suna kukan ba su da ganga."

Agwagwa ta ɗaga ludayi. Akuya ta ɗaga muciya. Bushiya ta miƙar da ƙayoyinta, hawaye na zuba. Kurege ya duba gabas ya duba yamma, gudu ba ya yiwuwa, tashi ma ba ya yiwuwa.

Ya ce, "Iyayena, ku dake ni, na ci duka. Amma ku bari in sauke magana ɗaya, kada in mutu da ita. Yau na ci girkinku a jere, ku ukun, abin da ba wanda ya taɓa yi. Ni kaɗai na san gaskiya."

Ludayi ya tsaya a sama. "Wace gaskiya?"

"Ɗaya a cikinku hannunta daidai ne. Biyun kuwa, ba don in ɓata wa kowa ba, gishiri ya ɗan zarce."

Agwagwa ta dubi Akuya. "Na daɗe ina son in gaya miki."

"Ki gaya wa wa? Ke da shinkafarki sai an sha randa guda a kanta?"

"A funkaso dai ba a cika gishiri," in ji Bushiya.

"Ke yi mana shiru, mai kunun da ke kashe haƙori."

Magana ta koma bikin 'yar wance, ta koma Kirsimetin shekara biyar da suka wuce, wa ta ƙona miya, wa ta aro tukunya ta mayar da ita da lamba. Dattawa suka shiga rabo. Kurege ya fara mirginawa, a hankali, a hankali, ta ƙarƙashin benci, ta tsakanin ƙafafu, mabuɗi na jan ƙasa a bayansa. Ya kai bakin ƙofa. Ya ga hasken waje. Ya ƙara juyi ɗaya, sai ya ji wuyansa ya tsaya.

Mama Zabuwa ce, ta taka igiyar mabuɗi.

"Kai ka wuce," in ji ta. "Wannan ya tsaya."

"Mama, dattawa ne suka rataya min."

"Kwanon da suka gani suka rataya wa. Ni cikin na gani."

"Mama, ko na mako ɗaya. A gwada ni."

"Hatsin marayu ba abin gwaji ba ne. Ga su Akuya can sun fara waiwayowa. Wuyanka ko mabuɗi?"

Kurege ya waiwaya ya ga muciya ta nufo shi. Ya zare kansa daga igiya, ya ba da juyi ɗaya, gangaren coci ya karɓe shi. Ya yi ta mirginawa kamar tulun da ya kuɓuce, kunu na ƙulum ƙulum, har bakin rafi.

Can Baba Fasto ya iso ƙofa, don tafiyar tasa kun san ta. Ya tarar da Zabuwa tana kakkaɓe ƙura daga mabuɗi. Ya ce, "To dattawa, yanzu wa za mu ba?"

Baba Jaki ya ce, "Baba, ai ya riga ya samu mai shi."

Kurege ya kwana uku a gindin tsamiya yana shan ruwan kanwa yana nishi. Ya rantse shi da abinci har abada. Rana ta huɗu ya tambayi wata Tsattsewa me ake dafawa a gari.

Ya koma coci, ya tsaya a gaban jama'a ya roƙi gafara, aka yafe masa. Amma daga ranar, duk ciyayya, Mama Zabuwa ce ke zuba masa da hannunta. Rabin kwano ganye, dunƙulen tuwo ɗaya, wake kaɗan, ruwa moɗa guda, kuma ya zauna nesa da tukwane, baya gare su. Ba ƙari. Jikinsa ya yi sauƙi, gudunsa ya dawo, bai sake hawa baro ba, ko da yake bai taɓa gode mata ba. Damina ta yi tsakiya aka buɗe rumbu, kowace gwauruwa ta koma gida da nata cif.

Shi ya sa har yau in kun ga kurege a gona, za ku ga ya tsaya cak a kan ƙafa biyu, hannu a ƙirji kamar mai addu'a. Ba addu'a yake ba. Leƙe yake, ko Mama Zabuwa ta juya baya.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. In ƙarya ce, a haka na same ta. Darasin kuwa shi ne, wanda zai yaudari mata uku da magana ɗaya, ya fara tabbatarwa ba coci ɗaya suke zuwa ba.

Ku tashi. Ku kakkaɓe min tabarma ku naɗe, kowa ya je ya yi fitsari kafin ya hau shimfiɗa. Wanda na sake jin muryarsa, shi zai share turken awaki da safe.